Auna Fari da Tattalin Ruwa: Abin da Ya Rataya a Wuyan Hukuma

Ambaliya takan zo da ruri, ta rushe gidaje cikin dare guda, kashegari kowa ya san an yi ta. Fari kuwa tafiyar hawainiya gare shi. Ba shi da ranar farawa da za a nuna a kalanda, ba ya kuma yin sallama. Yau a ce ruwa ya ɗauke kwana goma, gobe a ga gero ya soma naɗe ganye, jibi guga ya fara fitowa da taɓo. Kafin a farga kuɗin mudu ya tashi, makiyaya sun fara kai dabbobinsu kasuwa suna sayarwa a wulaƙance. Saboda wannan hali nasa ne gwamnatocin duniya suka kafa hukumomi na musamman waɗanda aikinsu shi ne sa ido a kan ruwan sama da koguna da madatsai, domin a gano fari tun yana ƙarami. Idan kuma ya tabbata, sai a ji gwamnati ta hau rediyo tana roƙon jama'a su yi tattalin ruwa.

Ayyukan nan biyu, wato aunawa da roƙon jama'a, yawanci akan ɗauke su tamkar ba abin da ya haɗa su, a ce na farko na masana ne a ofis, na biyu kuma na ma'aikatan watsa labarai. Wannan kuskure ne babba. Jama'a ba sa rage amfani da ruwa don kawai an ce musu su rage. Sukan rage ne idan an nuna musu a fili nawa ya saura, suka kuma gamsu cewa mai roƙon nasu ya fara toshe tasa ɓarnar, sa'an nan nauyin ya fi hawa kan wanda ya fi kowa sha. Gwamnatin da ta auna ta ɓoye a durowa, da wadda ta yi roƙo ba ta auna ba, duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Yadda ake auna fari

Masana sun kasa fari gida uku. Akwai farin sama, wato ruwan da ya sauka ya kasa abin da aka saba samu. Akwai farin gona, inda danshin ƙasa bai ishi shuka ba. Akwai kuma farin koguna da madatsai da rijiyoyi. Suna bin juna, amma ba tare suke isowa ba. Na sama yakan bayyana cikin wata guda, na gona ya biyo baya cikin 'yan makonni, na madatsai kuwa yakan ɗauki shekara ɗaya ko biyu kafin ya nuna kansa, haka nan yakan daɗe bai tafi ba bayan damina ta dawo daidai. Shi ya sa mutumin birni kan yi mamaki idan aka ce masa babu ruwa a famfo alhali jiya aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Tushen aikin duka shi ne ma'aunin ruwan sama, wanda ba komai ba ne illa gwangwani mai mazurari da ake kafawa a fili, ma'aikaci ya zo kowace safiya ya duba ya rubuta. Da milimita ake lissafi. Milimita ɗaya daidai take da lita ɗaya a kan kowane murabba'in mita, wato lita 10,000 ke nan a hekta guda. Lissafin shekara ɗaya ba ya da wani amfani shi kaɗai, sai an jera shi da na shekaru masu yawa. Kano tana cikin garuruwan da suka yi sa'a, domin an fara ajiye lissafin ruwanta tun shekarun farko na ƙarni na 20, kuma da shi ne aka san cewa abin da ya sauka a 1973 kusan rabin abin da aka saba samu ne. A 1993 wasu masana a Jami'ar Jihar Kolorado ta Amurka suka fito da wani ma'auni da aka fi sani da SPI, wanda ke kwatanta ruwan wata ɗaya, ko uku, ko goma sha biyu, da na shekaru talatin ko fiye na wannan wuri. Idan lambar ta sauka ƙasa da sifiri da maki 1, fari ya kankama. Idan ta kai maki 2, abin ya yi tsanani ƙwarai. Amfaninsa shi ne kowane gari da tarihinsa ake auna shi, don haka ana iya kwatanta farin Agadas da na Zariya ko da yake daminarsu ba ɗaya ba ce. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta ba ƙasashe shawarar yin aiki da shi tun 2009.

Sai dai shuka ba ta karanta ma'aunin ruwan sama. Abin da saiwarta ta samu shi ta sani. A jikin kowane ganye akwai dubban 'yan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girman abu. Ta nan ne iskar da shuka ke haɗa abinci da ita take shiga, ta nan ne kuma ruwa yake fita ya zama tururi. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da saiwa ta zuƙo ta waɗannan ƙofofi yake ficewa. Idan ƙasa ta bushe shuka takan rufe ƙofofin don ta tsira da ruwan jikinta, amma rufewar nan na nufin ta daina haɗa abinci, ta zaɓi yunwa a kan ƙishirwa ke nan. 'Yan kwanaki za ta iya jurewa. Idan abin ya faɗo daidai lokacin da gero ke fitar da kai yana bununi, to an yi asarar ƙwaya ko da ruwa ya dawo daga baya. Ta haka damina biyu kan sami milimita 600 kowacce, a cika rumbu a ɗaya, a tashi da kara a ɗayar. Rabon ruwan a kan kwanaki ya fi jimlarsa muhimmanci ga manomi.

Wannan hali na ganye shi ne ya ba masana damar leƙen gonaki daga sararin samaniya. Lafiyayyen ganye yana shanye jan haske daga rana, yana kuma mayar da wani haske da ke gaba da ja, wanda idon ɗan'adam ba ya iya gani. Ganyen da ya ji ƙishirwa yakan rage yin duka biyun. Tun farkon shekarun 1980 na'urorin da ke jikin taurarin ɗan'adam suke auna wannan bambanci, ana fitar da taswira kowane kwana goma mai nuna inda tsirrai suka yi kore da inda suka yi baya idan aka kwatanta da shekarun da suka wuce. Abin ban sha'awa ne, amma yana da iyaka. Tauraro bai san gero ba, bai san tafasa ba, duk kore ne a wurinsa. Dole ne malamin gona ya taka da ƙafarsa ya gani, wani kuma ya shiga kasuwa ya ji mudu nawa akuya ɗaya take saye, domin idan hatsi na tashi dabba na faɗuwa, to gida ya fara cin jarinsa.

Sanin abu daban, faɗinsa daban

Ƙasashen Sahel da tsada suka sayi wannan ilmi. Bayan farin da ya kai ƙololuwa a 1972 da 1973, wanda ya hallaka mutane da dabbobi masu ɗimbin yawa, wasu daga cikinsu suka haɗu a Wagadugu a watan Satumba na 1973 suka kafa kwamitin yaƙi da fari da ake kira CILSS. A 1974 aka buɗe cibiyarsa ta AGRHYMET a Yamai, wadda har yau take tattara bayanan ruwan sama da koguna da amfanin gona na yankin, tana kuma horar da ma'aikata. Bayan farin 1983 da 1984 Amurka ta kafa nata tsarin gargaɗin yunwa, wato FEWS, a 1985. A Nijeriya hukumar yanayi ta NiMet takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, mai nuna lokacin saukar ruwa da ɗaukewarsa da wuraren da ake tsammanin zai yi dogon hutu a tsakiya. Ko shakka babu, ta fuskar na'urori da masana, yau ba jiya ba ce.

Amma tarihin Nijar ya nuna cewa aunawa ita kaɗai ba ta ceton kowa. Yadda aka tafiyar da sha'anin fari da taimakon abinci yana cikin dalilan da sojoji suka bayar lokacin da Seyni Kunce ya kifar da gwamnatin Hamani Diori a watan Afrilu na 1974. Shekaru talatin bayan haka, a 2004, damina ta gaza a wasu yankunan ƙasar, fara kuma ta sauka. Lissafin giɓin abinci ya fito tun ƙarshen shekarar, amma manyan masu ba da taimako na waje ba su motsa sosai ba sai tsakiyar 2005, bayan hotunan yara ramammu daga Maraɗi sun bazu a duniya. A watan Agusta na shekarar Shugaba Mamadu Tanja ya fito ya musanta cewa akwai yunwa a ƙasar. A 2010 kuwa, da wani farin ya sake aukuwa, gwamnatin soja ta Salu Jibo ta amsa matsalar a fili ta nemi agaji. Na'urorin kusan iri ɗaya ne a shekarun biyu. Abin da ya sauya shi ne bakin hukuma.

Akwai kuma wani giɓi. An gina wannan tsari duka ne don a sa ido a kan gona da makiyaya, saboda yunwa ce aka fi jin tsoro. Ruwan sha na birane bai sami irin wannan kulawa ba, alhali biranen sun ninka girmansu sau da yawa tun 1973. Wanda yake son ganin yadda babban birni kan yi idan madatsansa suka fara ƙafewa, sai ya dubi abin da ya faru a can ƙarshen kudancin wannan nahiya.

Abin da ya faru a Cape Town

A 2017 birnin Cape Town na Afirka ta Kudu yana da mutane kimanin miliyan 4, kuma kusan dukan ruwansa daga manyan madatsai shida yake fitowa. Mafi girmansu, Theewaterskloof, ita kaɗai tana ɗaukar fiye da kashi 40 cikin 100 na ajiyar. Daminarsu a lokacin sanyinsu take, daga wajen Mayu zuwa Agusta. Shekaru uku a jere, 2015 da 2016 da 2017, ruwan ya gaza. Hukumomin birnin da na ƙasa ba su kuɓuta daga zargi ba, domin sun yi jinkiri a farko, sun kuma ɓata lokaci suna jifan juna da laifi kasancewar jam'iyyu daban ke riƙe da birnin da gwamnatin ƙasa. To amma da wuri ya yi wuri, birnin ya yi wani abu da ya cancanci a yi nazarinsa.

Kowane mako hukumar birnin takan buga lambobi ƙwara biyu: kashi nawa cikin 100 ya saura a madatsai, da lita nawa birnin ya sha a kowace rana. Jaridu da gidajen rediyo da allunan kan titi duka suka ɗauka. Aka kuma bayyana wa jama'a cewa kashi 10 na ƙarshe yana da wuyar janyowa, saboda haka ranar da ajiya ta sauka zuwa kashi 13.5 za a rufe yawancin famfunan gidaje, kowa ya tafi ɗaya daga wurare kimanin 200 ya bi layi ya karɓi lita 25. Wannan rana suka laƙaba mata suna Ranar Sifiri. Hikimar abin ita ce ranar ba a tsaye take ba. Daga lambobin nan biyu ake lissafo ta, idan an sha da yawa ta matso, idan an rage ta ja baya. A watan Janairu na 2018 lissafi ya nuna 12 ga Afrilu. Daga 1 ga Fabrairu aka ƙayyade wa kowane mutum lita 50 a rana, bayan lita 87 da aka sa a 2017.

Lita 50 ba ta wuce jarka biyu ba. Mutanen da suka saba sakin famfo suka koyi wanka cikin minti biyu suna tsaye a baho, su kwashe ruwan wankan su zuba a bayan gida. Har wasu mawaƙan ƙasar suka gajarta waƙoƙinsu zuwa minti biyu domin mai wanka ya san lokacin fitowa. Hukuma ta buga taswira mai nuna gidajen da suka tsaya cikin iyaka da koren ɗigo, ta tsawwala kuɗin ruwa a kan masu sha da yawa, ta kuma ɗaura wa gidajen da suka ƙi ji wata na'ura mai yanke ruwa idan an wuce ƙa'ida. Wani aikin da ba a cika ambatonsa ba, alhali ya yi tasiri ƙwarai, shi ne na injiniyoyi. Sun rage ƙarfin ruwa a cikin bututai unguwa-unguwa, domin duk bututun da ke yoyo, gwargwadon ƙarfin ruwan gwargwadon abin da zai zubar. Wannan kaɗai ya tsirar da gomman miliyoyin litoci kowace rana ba tare da an roƙi kowa ba. Manoman yankin aka yanke musu kashi 60 cikin 100 na ruwan ban-ruwansu, dubban ma'aikatan gona suka rasa aiki, sa'an nan wata ƙungiyar manoma ta sako wa birnin lita kimanin miliyan dubu goma daga nata madatsan a watan Fabrairu.

Birnin da yake shan lita kimanin miliyan 1,200 a rana a 2015 sai ga shi ya sauko zuwa miliyan 500 da 'yan kai a farkon 2018. Ranar Sifiri ta yi ta ja da baya, daga Afrilu zuwa Mayu, zuwa Yuni, zuwa Yuli, har damina ta sauka aka soke ta. A watan Oktoba na 2020 madatsan suka cika maƙil. Gaskiya ne cewa saukar ruwan ce ta kawo ƙarshen matsalar, kuma wasu sun zargi hukuma da tsorata mutane da korar masu yawon buɗe ido. Amma da ba a rage sha da fiye da rabi ba, da famfunan sun bushe kafin ruwan ya iso. Kuma ba za a sami wannan ragi ba in da jama'a ba su yarda da lambobin ba, ba su kuma ga ranar tana motsawa da ƙoƙarinsu ba.

Labarin yana da wani ɓangare mai ɗaci. Mazauna unguwannin bukkoki irin na Khayelitsha, waɗanda suke ɗibar ruwa daga famfon haɗaka, ƙasa da kashi 5 cikin 100 na ruwan birnin suke amfani da shi. Su dai tun kafin fari a layi suke. Wani bincike da aka buga a 2023 ya ƙiyasta cewa masu hali, waɗanda ba su wuce kashi 14 cikin 100 na mazauna birnin ba, su ne ke shanye fiye da rabin ruwan, galibi a lambuna da tafkunan ninƙaya na gida. Da matsi ya yi matsi kuma, da yawa daga cikinsu suka haƙa rijiyoyin burtsatse a gidajensu, suka fice daga lissafin hukuma.

Wa za a ce wa ya rage?

Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Sai dai kwaikwayo ido rufe ba zai yi amfani ba, domin halin biranen ƙasar Hausa daban ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa lita 20 a rana ita ce mafi ƙarancin abin da mutum ke buƙata don sha da girki da 'yar tsabta, lita 50 kuma ita ce matsakaiciyar wadata. Wato abin da mutumin Cape Town ya kira bala'i, a unguwanni da yawa na Kano ko Damagaram ko Gusau ni'ima ce. Matar da take sayen jarka daga hannun 'yan garuwa ta fi kowane jami'i sanin tattali: ruwan ɗauraya shi ne na wanki, na wanki shi ne na yayyafa wa tsakar gida. A hau rediyo a ce mata ta rage, ɓata lokaci ne, yana ma iya zama cutarwa, domin inda aka rage wanke hannu nan gudawa da kwalara da ciwon ido suke samun ƙofa.

Ɓarnar tana wani wuri. Da fari tana cikin bututan hukuma kanta. Bututun da ya fashe yana zubar da abin da zai cika jarka mai lita 20 a cikin minti ɗaya, a kwana guda ya zubar da lita 28,800, wato rabon mutum 576 a lissafin lita 50. Duk hukumar ruwan da ta bar irin wannan ya yi mako yana malala a bakin titi ba ta da bakin yi wa kowa wa'azi. Sa'an nan akwai manyan gidaje da otal-otal da wuraren wankin mota da masana'antu, da tankokin sama waɗanda ake barin injin yana turo musu ruwa har su cika su yi ta ambaliya ta bango. Waɗannan su ya kamata a ɗaura wa mita, a kuma yi farashi hawa-hawa, ruwan buƙata ya zo da araha, na ƙawa ya zo da tsada.

Babban mai shan ruwa kuwa noman rani ne, wanda a duniya baki ɗaya yake ɗauke kimanin kashi 70 cikin 100 na ruwan da ake janyowa daga koguna da ƙarƙashin ƙasa. Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, da ta Challawa, ta 1992, su ne suke ba birnin Kano ruwan sha, su ne suke shayar da tumatir da shinkafa da alkama a Kura da Kadawa, daga abin da suka sako ne kuma masunta da makiyaya da manoman fadamar Haɗeja da Nguru suke rayuwa. Rana ma tana da nata kaso. A wannan yanki buɗaɗɗen ruwa yakan rasa zurfin kimanin mita 2 a shekara ta hanyar tururi, wato lita miliyan dubu biyu daga kowane murabba'in kilomita. Sakin ruwa rani da damina ba ƙaƙƙautawa yana cikin abin da ya ba ciyawar kacala damar toshe hanyoyin ruwa a fadamar, ita kuma tana zuƙe nata tana fitarwa ta ganye. Duk shekarar da damina ta gaza, dole wani daga cikin waɗannan masu haƙƙi ya yi haƙuri. Tambayar ita ce ko za a tsara wanda zai fara ragewa tun madatsa na cike, a rubuta a sanar, ko kuwa za a bari sai ta ja baya sa'an nan mai ƙarfi ya kwashe.

Da wuya a tare mutum a Kasuwar Kurmi ya iya faɗin ko Tiga rabi take ko kashi uku cikin huɗu, ko da yake rayuwarsa ta rataya a kanta. Ma'aikatan madatsai suna da ma'aunin zurfi, ba wani sabon abu za a sayo ba. Abin da ya rage shi ne a mayar da lambar abin da ake karantawa a labaran rediyo kowace Juma'a, da Hausa, cikin kalmomin da kowa zai gane: ga abin da ke ciki, ga na bara war haka, ga watannin da zai kai idan aka ci gaba da sha kamar yadda ake yi. A riƙa faɗa a shekarar wadata da ta rashi, domin lambar da ba a taɓa jin ta ba sai ranar tashin hankali, ba mai gaskata ta.

Ta fuskar jan hankalin jama'a kuwa, akwai abin da ƙasar Hausa ta fi Cape Town. Ya tabbata a hadisai ingantattu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi alwala da mudun Annabi guda, abin da bai kai lita ɗaya ba, malamai kuma sun karhanta almubazzaranci da ruwa ko da a wajen tsarki ne. Buta ita kanta ma'auni ce. Inda aka maye gurbinta da jerin famfuna a masallatan zamani, mutum ya saki ruwa yana zuba tun daga wanke hannu har zuwa ƙafa, a nan ne ake ninka abin da ake buƙata sau da dama. Limamin da ya jagoranci sallar roƙon ruwa shi ne ya fi cancanta a miƙa wa lambobin madatsa ya karanta wa mamu.

Ruwan da ba a gani

Saura wani farin da ba tauraro ba, ba madatsa ba, babu mai nuna shi. Saboda gazawar famfo, duk mai hali a biranen Arewa ya haƙa rijiyar burtsatse, kamar dai yadda masu kuɗin Cape Town suka yi, amma a nan abin ya zama ruwan dare. Ƙasan Kano da Zariya tsohon dutse ne mai tauri, ruwan da ke ciki yana maƙale ne a rugujajjen saman dutsen da cikin tsagoginsa, ba wani teku ba ne kamar yadda wasu suke zato. Damina ce take cika shi kowace shekara. Idan maƙwabci ya zurfafa tasa rijiyar ya sa babban injin, rijiyar gugan talakan da ke kusa ita take fara ƙafewa. A Borno, inda ƙasa take da ajiyar ruwa hawa uku, rijiyoyin da a dā suke feso ruwa da kansu ba tare da injin ba sun yi ta raguwar ƙarfi saboda yawan haƙa da barin su a buɗe dare da rana.

Akwai tagwayen taurarin ɗan'adam da ake kira GRACE, waɗanda aka harba a 2002, aka kuma maye gurbinsu da wasu a 2018, masu gano raguwar ruwan ƙarƙashin ƙasa ta hanyar auna sauyin nauyin ƙasar. Sai dai idonsu na ɗaruruwan kilomitoci ne, ba za su bambanta Fagge da Tarauni ba. Abin da ake buƙata shi ne rijiyoyin sa ido, wato rijiyoyin da ba a ɗibar ruwansu, ana auna zurfinsu kawai, da kuma dokar da za ta wajabta wa kowane mai haƙa ya yi rajista ya bayyana zurfin da ya sami ruwa. Jami'o'i da kwalejoji da makarantun sakandare suna da filaye, suna da ɗalibai masu neman aikin bincike na ƙarshen shekara. Rijiya ɗaya a kowace makaranta, da igiya mai alamar mita, da littafin da za a riƙa rubutawa kowace Litinin, a tura wa sashen nazarin ƙasa na jami'a mafi kusa ya tattara, cikin shekaru biyar za su nuna unguwannin da ruwansu yake dawowa bayan damina da waɗanda nasu yake ƙara nisa kowace shekara.